Kwano Mai Jan Fenti

Gure, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Ma'azu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Habsu da yara. Yaya zafin Yamai? Yaya kuma kunnen? Ka ce lokotoron asibiti ya ce na dama ne kaɗai ya rage, shi ma rabi. Allah ya sawwaƙe. Zaman ɗakin injuna ne ya cinye shi. Mun faɗa maka tun da wuri ba ka ji ba, ga shi yanzu ko mun faɗa ba za ka ji ba. Shi ya sa na daina kiran wayar Yaya Habsu don in yi magana da kai, ina ta ihu maƙwabta suna jin sirrin gidanmu, kai kuma kana cewa "Me?"

Mu nan lafiya lau. Dabino ya nuna a kwari, jibi zan tafi wajen Gidigir in zauna a garka har a gama yanka. Ka san can babu rezon waya sai mutum ya hau tudu, shi ma sai an yi sa'a. Duk takardar da za ka rubuto ka ba direban kar, babbar motar Damagaram, ya miƙa wa Ɗan Talata mai motar kanwa a gar, wato tasha. Shi zai kawo mini in ya zo ɗaukar kanwa ranar kasuwa.

Wanda zai ba ka wannan takarda ba baƙonka ba ne, abokinka ne Fannami. Ya ce furfura ta fara fito masa bai taɓa ganin kogi ba, yana so ya ga Yamai ya gan ka. Tun da matarsa Yakura ta rasu shi ke dafa wa kansa, za ka ga ya ɗan rame. Ni kuma tun rasuwar maigidana Idirisa shi ke nemo mini masu hawan dabino, shi ya gyara mini bakin rijiyar garka da ya rufta. Mutumin kirki ne, Yaya. Ka fi ni saninsa, amma dai na ce in faɗa.

Ina roƙonka abu ɗaya, kuma da gaske nake. Kada rana ta take tsaka bai sa komai a cikinsa ba, kada kuma ya kwana da yunwa. Yunwa ba ta yi masa kyau yanzu, tana iya kayar da shi. Kada ka tambaye ni dalili, shi ma kada ka tambaye shi. Na zuba masa dabino a aljihun jakarsa ban da wanda na aiko muku. Ka riƙa ɗan ba shi sarari, kada ka manne masa kamar yadda ka saba. In ya zo yi maka magana kuma, ka juyo masa kunnen dama.

Ga cuku nan na yara. A gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Nuriyya


Yamai, ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da mai ɗauke da ita. Yara sun cinye cukun kafin in gama karatu. Muna lafiya, Habsu na gaishe ki. Na ga baƙar maganar da kika yi wa kunnena, zan rama in na zo.

Na ɗauki konje, wato hutu, a wurin aiki saboda Fannami, Share-kwano. Ke ba ki san dalilin sunan ba. Muna yara in Inna ta aje mana tuwo ni da shi, kafin in yi bisimilla ya kai ƙasan kwano. Kin ce in ba shi sarari. Wane sarari a garin da mota ke fitowa ta ko'ina, ga mutum ba Zabarmanci, Faransancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba? Ɗaki ɗaya muke kwana, masallaci tare, titi ma hannunsa na cikin nawa muke tsallakawa.

Na kai shi Gidan Kallo. Ya ga zaki, ya ga dorina, ya ga ƙasusuwan wata dabbar zamanin da da aka tono a hamada, ya tsaya yana lissafin raƙumi nawa za a jera su kai tsawonta. A Babbar Kasuwa duk kayan duniya bai kalla ba, sai da ya gano masu kanwa, ya ɗanɗana da harshe ya ce wannan ta wajenmu ce. Na kai shi kan gada da yamma. Ya riƙe ƙarfe da hannu biyu ya ce, "Duk ruwan nan ba mai shi?" Daga nan ya sunkuyar da kai yana ta motsa baki. Na ce "Me?" Ya sake. Na ce ya ɗaga murya, motoci na wucewa. Sai ya ce ba komai, tasbihi yake yi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Nuriyya, mutumin nan ba ya ci.

Ranar farko na kai shi gidan abinci mai gilashi da sanyin inji, na sa aka kawo shinkafa da kaza. Ya ce ya ƙoshi a hanya. Washegari na kai shi wajen masu kilishi, wanda ƙamshinsa kaɗai ke tsayar da taksi, ya ce azumin nafila yake yi, da rana ta faɗi kuma ya ce cikinsa ya cushe. Na ce ƙila abincin birni ne bai karɓe shi ba, na sa Habsu ta yi burabusko da miyar yakuwa irin na gida. Ya wanke hannu, ya kalli kwanon, ya kalle ni, ya ja da baya. Habsu ta ce sai in na shiga wanka take ganin an ɗan taɓa gefen tuwon. Ko ruwa zai sha sai ya juya mini baya.

Kuma ya canza mini. Dogo yake kirana tun muna wasan ƙasa, yanzu na koma Malam Ma'azu. Da safe har durƙusawa yake yi ya gaishe ni, na ɗauka tsokana ce na kai masa duka, bai yi dariya ba.

Shekaranjiya a kasuwa na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, maganarsa ta harɗe kamar ta mai maye. Ya zauna kan wani buhu, can ya lallaɓa bayan rumfa, ya dawo da ƙwallon dabino a hannu, sannan idonsa ya dawo daidai. Na kuma lura kullum da safe yana haɗiye wasu ƙwayoyi, in na juyo ya ɓoye.

Na yi ta tunani. Ko sammu aka yi masa? Ko wani ya kai gulmata ya ce zan sa masa wani abu a abinci? Kin ce kada in tambaya, to ban tambaye shi ba, amma ke sai na tambaye ki. Tsoro nake ji kada mutum ya zo gidana da ƙafarsa a mayar da shi a kwance. Ki faɗa mini gaskiya.

Yayanki,
Ma'azu


Kwari, ranar kasuwar Gidigir

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, Ɗan Talata ya gama lodi yana ta danna mini odar mota.

Takardarka ta kwana a Damagaram kafin ta iso. Don Allah don Annabi kada ka sake zama cin abinci da shi. Kada ku haɗa kwano, kada ma ka zauna a ɗakin. A zuba masa nasa daban a aje masa, kowa ya fita a ja ƙofa. Ba sammu ba ne, kuma ba wanda ya kai gulmarka. Abin da ya kai shi Yamai a ƙirjinsa yake, ya daɗe yana ɗauke da shi, kuma ba daga bakina ya kamata ka ji ba. Na yi masa alkawari.

Ƙwayoyin nan kada ya sha su da cikin wofi. Ka ji, Yaya? Ka yi abin da na ce yau ɗin nan.

Nuriyya


Yamai, ranar Asabar

Nuriyya,

Gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Na fara karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. A ware kwano, a fita daga ɗaki, abu a ƙirji, ga rama, ga gumi, ga ƙwaya kullum safiya. Ba sai kin kira sunan ba. Ke kina goye lokacin da tarin fuka ya kama Baba, amma ni na tuna. Na tuna yadda Inna ta ɗaura wa kwanonsa jan zare don kada ya haɗu da namu, na tuna yadda ake aje masa a bakin ƙofa. Me ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba, kin san ina da ƙananan yara, kin bar ni ina kwana ɗaki ɗaya da shi?

Na tura yara gidan yayar Habsu a ƙetaren kogi. Na fitar da tabarmata waje. Na ɗauki kwano ɗaya da cokali ɗaya na shafa musu ragowar jan fentin ƙofa. Habsu ta yi ta magana tana yarfa hannu, na ce ba shawara nake nema ba, ta yi abin da na ce.

Da aka kai masa, fentin bai ma gama bushewa ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya fito ya same ni, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Nuriyya ta rubuto maka?" Na ce e. Ya ce, "Har da ciwon ta faɗa?" Na ce na san komai. Ya ce, "To wannan ita ce amsarka?" Ban gane wace amsa ba, amma na ce masa, "Fannami, ka yi haƙuri, dole in kare jinina." Ya ce, "Gaskiyarka." Ya koma ɗaki.

Tun daga ranar kwano ke dawowa yadda aka kai shi. Ɗan gefen da yake taɓawa ma ya daina. Habsu ta ce dabinon jakarsa ya ƙare, ta kai masa namu ya ce ya gode, bai taɓa ba. Ya ɗaure kayansa ya ce in raka shi gar, na ce ba inda za shi a haka.

Maganar ƙwaya kuwa kin yi kuskure. Na tambayi wani maƙwabcina da ya yi wannan ciwo ya warke, ya ce da cikin wofi ake shan maganinsa, kuma ba a fashi ko sau ɗaya. Don haka ni da kaina nake tsaya masa da safe sai na ga ya haɗiye. Ba ya musu. Amma jiya bayan ya sha ya tashi zai yi alwala, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya dafa bango yana kallona kamar bai san ni ba.

Ƙanwata, kunya ta kama ni. Mutumin nan ranar da aka rufe Baba shi ya kwana a ɗakinmu, lokacin da ƴan uwa ma ke tsoron shigowa. Yau ni ne na shafa wa kwanonsa fenti kamar na kare. Na gane fushi yake yi, kuma yana da gaskiya.

Na yanke shawara. Gobe zan kai shi bakin kogi inda mata ke gasa giwan ruwa, wurin da na yi ta ajiye masa don ya zama na ƙarshe. Zan sa a zuba mana a faranti ɗaya, in zauna a gabansa gwiwa da gwiwa, in sa hannuna inda zai sa nasa. Na rantse da Allah ba zan tashi ba sai ya ci a gabana. In ciwon ne ya kama ni, ya kama. Jibi kuma in kai shi likita ko yana so ko ba ya so.

Ki yi mana addu'a.

Ma'azu


Gure, ranar Laraba

Yaya Ma'azu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ko wannan takarda za ta same ku a kan lokaci ba. Ban ma san ko akwai sauran lokaci ba.

Da Ɗan Talata ya miƙo mini takardarka na ga ranar da ka rubuta, na san goben da kake faɗa ta riga ta wuce. Na bar masu yanka a sama na hau tudu da gudu, yashi na zame mini. Na kira Yaya Habsu, ta ɗauka, na ji hayaniya, na ji ta ce, "Muna gidan likita, Fannami ne," sai layi ya yanke. Na yi ta kira har rana ta faɗi, wayar a kashe. Na biyo motar kanwa na dawo Gure.

Ba tarin fuka ba ne, Yaya. Ciwon suga ne. Ƙwayoyin nan saukar da suga suke yi. In ya sha bai ci ba sai sugan ya faɗi ƙasa, ya kama rawa da gumi, in ba a ba shi abu mai zaƙi ba ya suma, daga suman kuma ana wucewa. Haka lokotoro ya gaya masa a Damagaram. Kai kuma kana tsaye a kansa kullum safiya sai ya haɗiye. Ban ɗora maka laifi ba, ni na rubuta maka magana a dunƙule.

Sauran maganar ba ta ƙanwa da yayanta ba ce, amma yau na aje kunya. Fannami aurena yake nema. Abin da ke ƙirjinsa ke nan. Mun daidaita tun kaka. Na ce ya tura kawunsa Salihu kamar yadda ake yi, ya ce a'a, kai abokinsa ne kafin ka zama waliyyina, ba zai bari ka ji daga bakin wani ba. Zai zo ya ji ra'ayinka tukuna, sannan manya su shiga.

To tun daga ranar da ya ƙudura wannan a ransa ka tashi daga Dogo, ka zama yayan matar da zai aura. Kai da kanka ka taɓa cin abinci a gaban yayan Habsu? Ka manta lokacin da ya zo Gure ka wuni da yunwa don yana zaune a zaure? Shi ya sa yake durƙusa maka, shi ya sa yake juya baya ya sha ruwa. Da na ce a aje masa abinci a fita, nufina ka ba shi wuri ya ci, kunyarka yake ji. Ban taɓa zaton za ka tuna da kwanon Baba ba.

Ciwon kuma shi ya roƙe ni in rufe. Ya ji ka da kunnensa ranar sadakar bakwai ɗin Idirisa, ka ce ka rantse ba zan sake auren wanda zan yi jinya ba, shekarun da na yi ina juya mara lafiya a tabarma sun isa. Yana tsoron in ka sani ka hana. Ka duba abin da ya gani: kwano da jan fenti, ka ce ka san komai, ka ce dole ka kare jininka. Shi a wajensa ka ba shi amsa, ka kuma haɗa masa da ƙyama. Mutum irinsa ba zai sake sa hannu a abincin gidan ba.

Yaya, in yana da rai ka fita daga ɗakin ka bar shi ya ci. In ka hana ni shi na haƙura, wallahi na haƙura, ya dai dawo da ƙafarsa. Na san ciwonsa tun kafin in amsa masa, kuma ni na zaɓa. Ban ce ka tausaya mini ba.

In kuma abin da nake tsoro ya faru, kada ka rubuta. Ka zo da kanka.

Nuriyya


Gure, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Habsu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki sa wani ya karanta miki, ba Yaya ba.

Shiru har yau. Wayarki a kashe. Duk motar da ta shigo daga Damagaram ina gar, har masu shayi sun fara kallona. Dabinon na bar shi rabi a sama, tsuntsaye na ci, ban damu ba. Jiya na hango Kawu Salihu ya doso layinmu da carbi a hannu, na zauna a bayan ƙofa ina jiran sallamarsa. Ashe wucewa yake yi.

Ba na iya cin komai. In na ɗauki loma sai in ga kwanon nan da ban taɓa gani ba. Ke mace ce, kin gane abin da ban iya faɗa ba tun farko, na san kin gane. Ki aiko mini da kalma ɗaya ko ta bakin direba ce.

Ƙanwarki,
Nuriyya


Yamai, ranar Juma'a

Zuwa ga ƙanwata Nuriyya,

Yana da rai. Na fara da wannan kafin gaisuwa don ki samu ki zauna. Yanzu assalamu alaikum. Muna lafiya, yara sun dawo gida. Wayar Habsu ta suɓuce mata ne ta fashe a daidai lokacin da kika kira. Takardunki biyu kuma tare suka iso, ta farko ta yi kwanaki a aljihun direban da motarsa ta lalace a Dogon Dutsi.

Na kai shi bakin kogin kamar yadda na ce. Aka kawo kifi a faranti ɗaya, na zauna a gabansa na faɗa masa rantsuwata. Ya kalle ni, hawaye na zubo masa tare da gumi. Ya ɗaga hannu, na ce alhamdulillahi zai ci, ashe hannun rawa yake yi. Ya kife a kan farantin. Na ɗauke shi a kafaɗa har titi, ban san da wane ƙarfi ba. A cikin taksi ina ta kiran Share-kwano, ina sa kunnena a ƙirjinsa, kunnen da ba ya jin komai. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A gidan likita na zaro ƙwayoyin daga aljihunsa na nuna. Lokotoro ya duba ya tambaye ni yaushe rabonsa da abinci. Da na faɗa masa, da kuma wanda ke tsaya masa ya sha, sai ya bi ni da kallo. Suka yi masa allura suka sa masa ƙarin ruwa. Sai washegari ya buɗe ido.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Na ji ba tarin fuka ba ne, sai na ce to fushin kwano ne ya rage. Na tare a bakin gadonsa da cokali a hannu ina ba shi haƙuri, shi kuma yana juya fuska bango. Sai in na tafi salla yake kurɓar kunun Habsu. Lokotoro ya ce ba za su sallame shi ba sai yana ci sosai, jikinsa kuma sai ƙara zubewa yake yi. A haka takardarki ta same ni, da cokalin a hannuna.

Na karanta wa Habsu. Ta ce ai tun ranar burabusko ta gaya mini mutumin nan kunyar suruki yake ji, ta sake faɗa ranar fenti. Na ce yaushe? Ta ce ta hagu take tsaye.

Na koma na tsaya a kansa na ce, "Fannami, faɗi abin da ya kawo ka Yamai." Ya sunkuyar da kai ya fara motsa baki irin na kan gada. Na ce, "Ka san ba na ji." Ya ƙara kaɗan. Na ce, "Wallahi ban ji ba." Ɗakin cike da marasa lafiya da masu jinya, kowa ya juyo yana kallonmu. Sai mutumin nan ya rufe ido ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kwarma ihu, "NURIYYA NAKE SO KA BA NI!" Wani tsoho mai karyayyar ƙafa a gadon ƙarshe ya ce, "Ka ba shi mana, bawan Allah, mu samu mu huta."

Na ce na ba shi, da ciwonsa da komai, tunda ke kika zaɓa. Na ce ya turo Kawu Salihu.

Sannan na miƙa wa Habsu cokalin na fita. Na zauna kan benci a waje na juya wa ƙofa baya. Ba na gani, ba na ji, ban san ko yana ci ko ba ya ci ba. Can Habsu ta fito ta ɗora mini kwano a cinya. Wannan mai jan fentin ne, shi ta ɗauko a gida cikin gaggawa. An share shi tas, har gefen an bi da yatsa.

A nan na yi kuka, ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Rabi na murna. Rabin kuma don na gane ni da Share-kwano mun gama cin abinci tare har abada, kuma cin namu na ƙarshe ban ma san shi ne na ƙarshe ba.

Kaffarar rantsuwa biyu na kaina, ta ranar bakwai ɗin Idirisa da ta bakin kogi. Zan ciyar da mabukata, tunda wanda na so in ciyar ya fi ƙarfina. An sallame shi jiya, yana ɗaki yana ci ni ina waje. In ya ƙara ƙarfi zan sa shi a kar da kaina, da guzuri a jaka, in sauka kafin ya buɗe.

Kwanon zai zo miki a cikin kayansa. Habsu ta goge da toka ta goge da yashi, fentin ya ƙi fita. Ki riƙa zuba masa a ciki a kan lokaci. In na zo Gure kuma, ki gaya masa ya ci abincinsa a natse, zan riƙa yin gyaran murya tun daga zaure.

Yayanki,
Ma'azu